Jan Bulo Ba Shafe: Nazarin Fasalin Ginin Red House na Bexleyheath a Ingila

Tsakure

Wannan takarda ta yi nazarin wani gidan jan bulo da ke garin Bexleyheath a kudu maso gabashin Ingila, wanda aka sani da Red House, wato Jan Gida. Philip Webb ne ya zana shi a 1859 domin abokinsa William Morris, aka kammala ginin a 1860. Takardar ta bi tsarin ɗakunan gidan da aikin bulonsa da tagoginsa da rufinsa da adon cikinsa, ta nuna cewa darajarsa ta samo asali ne daga shawara biyu da mai zanen ya yanke: ya bar bukatar kowane ɗaki ta tsara siffar waje, ya kuma bar bulo a fili yana nuna aikin da yake yi. Ta bayyana nakasun gidan, da tasirinsa, da darasin da ke cikinsa ga masu kula da tsofaffin gine-gine.

1.0 Gabatarwa

A tsakiyar ƙarni na 19, duk ɗan kasuwa ko lauya ko likitan da ya samu wadata a Landan, burinsa ya fita bayan gari ya gina gida mai kusurwa huɗu, ƙofa a tsakiya, tagogi daidai wa daida a dama da hagu. Da bulo ake ta da bangon, amma sai a shafe shi da filasta, a shafa farin fenti ko ruwan madara, wani lokaci har a ja layuka a jiki don ya yi kama da sassaƙaƙƙen dutse. Dogayen gidajen da John Nash ya jera a kewayen lambun Regent's Park a shekarun 1820 su ne abin koyin wannan yayi. Dutse na manya ne, bulo kuwa na masana'anta ne da rumbun kaya da gidajen leburori, don haka wanda bai da kuɗin dutse sai ya saya wa bulonsa riga.

A cikin wannan yanayi ne wasu samari biyu suka gina gidan da ko tafin hannu na filasta babu a bangonsa na waje. Tambayar da wannan takarda ta sa a gaba ita ce: me barin bulo a fili ya tilasta wa mai zane da magini, kuma me ya jawo wa mazauna gidan? An dogara ne a kan abin da ginin kansa ya nuna, da zanen da Webb ya bari, da bayanan masana tarihin gine-gine.

2.0 Masu Gidan da Wurin da Aka Gina Shi

An haifi William Morris a 1834, Philip Webb kuma a 1831. Sun haɗu a 1856 a ofishin George Edmund Street, mai zanen gine-gine da ke aiki a Oxford a lokacin, inda Webb yake babban mataimaki, Morris kuma sabon ɗan koyo. Morris bai cika shekara a ofishin ba ya koma zane-zane da waƙa, amma abotarsu ta ɗore har mutuwa. Dukansu biyu sun sha daga tafkin tunani ɗaya. Augustus Pugin ya riga ya yi kira a 1841 cewa a bar tsarin gini ya fito fili, ado ya biyo bayansa. John Ruskin kuma, a littafinsa The Seven Lamps of Architecture na 1849, ya ɗauki sa wa wani kayan gini kamar wani daban a matsayin yaudara. Street da William Butterfield sun fara gwada wannan ra'ayi a ƙananan gidajen limaman coci da makarantun ƙauye.

A 1858 Morris da Webb da abokinsu Charles Faulkner suka yi tafiya a kwale-kwale a kan kogin Seine na Faransa, suna kallon tsofaffin majami'u da gidajen manoma. A wannan tafiya aka fara maganar gidan. Morris ya auri Jane Burden a watan Afrilu na 1859, ya sayi wata gonar tuffa da ceri a ƙauyen Upton, kusa da Bexleyheath, a yankin Kent, fiye da mil 10 daga tsakiyar Landan. Wurin ya yi masa ne domin yana dab da tsohuwar hanyar da masu ziyarar ibada suke bi zuwa Canterbury. Wannan shi ne aikin farko da Webb ya yi da sunansa bayan barin ofishin Street. Ɗan kwangila William Kent ya yi ginin a kan kimanin fam 4,000, ma'auratan suka tare a 1860.

3.0 Fasalin Ginin

3.1 Tsarin Ɗakuna

Gidan bene ne mai hawa ɗaya, an gina shi reshe biyu da suka haɗu a kusurwa kamar harafin L. Reshen arewa yana ɗauke da ƙofar shiga da zaure da ɗakin cin abinci a ƙasa, sai babban falo da ɗakin aikin Morris a sama. Reshen yamma na madafa ne da ɗakunan hidima. A cikin kusurwar, inda rassan biyu suka haɗu, Webb ya ta da hasumiyar matakala mai nata rufin daban. Dogayen lungunan da ke sada ɗakuna, sama da ƙasa, suna bin gefen tsakar gida ne, don haka duk mai zirga-zirga a gidan idonsa yana kan rijiya da lambu.

Abin lura a nan shi ne hanyar da aka bi aka kai ga wannan tsari. Mai zanen gidan yayi yakan fara da fuskar gida, ya jera tagoginsa daidai, sannan ya cusa ɗakuna a bayansu ko sun dace ko ba su dace ba. Webb ya faro daga ciki. Ya tambayi abin da za a yi a kowane ɗaki, ya ba shi girma da tsayi da hasken da ya kamace shi, sannan ya bar bangon waje ya karɓi sakamakon. Shi ya sa babu fuska biyu na gidan da suka yi kama da juna. Matakala ta samu dogayen tagogi da ke hawa tare da mai hawa. Lungun sama ya samu ƙananan tagogi masu da'ira. Falo ya samu taga mai turowa waje a fuskar yamma, wadda aka ɗora a kan ginshiƙin bulo da ke faɗaɗa yayin da yake tashi, domin mai ɗinki ta zauna a hasken yamma. Wanda ya iya karanta gini, daga lambu zai faɗi abin da ke bayan kowace taga.

3.2 Aikin Bulo

Jan launin bulo daga sinadarin ƙarfe da ke cikin yumɓu yake fitowa idan an gasa shi a wuta mai isasshiyar iska. Bulon da ya fi yawa a Landan a wancan zamani mai ruwan ɗorawa ne, saboda alli da toka da ke cikin kwaɓinsa, don haka jan gida a tsakiyar koren lambu abu ne da ido ba zai wuce shi ba. Zamanin ma ya taimaka. An soke harajin bulo a 1850 bayan ya yi aiki tun 1784, aka soke harajin taga a 1851. Da Webb ya zo zane, babu mai ƙirga masa bulo ko taga don karɓar kuɗi.

Hausawa na cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Filasta tana rufa wa magini asiri: layin da ya karkace, bulon da ya fashe, gurbin da aka cike da ɓaraguzai, duk suna shigewa ƙarƙashinta. Da aka ce babu ita, dole kowane sahu ya miƙe, kowace gaɓa ta sauka a tsakiyar bulon da ke ƙasanta, kowace kusurwa ta tsaya a kan ma'auni. Bulon Ingila na lokacin tsawonsa kimanin inci 9 ne, faɗinsa kusan rabin haka, yadda faɗi biyu da kaurin kwaɓi guda za su yi tsawo ɗaya. Wannan lissafi shi ke ba magini damar sarƙa bango mai kauri, wasu a kwance bisa tsawo, wasu su ratsa ciki su ɗaure. Shi ma mai zane dole ya yi tunani da wannan ma'auni, ya sa faɗin taga da tazarar ƙofa su faɗo a kan adadin bulo, in ba haka ba bangon ya cika da yanke-yanke.

Inda wannan ra'ayi ya fi fitowa fili shi ne saman tagogi. Bulo yana jure danniya ƙwarai, amma ba ya jure lanƙwasa, saboda haka ba a shimfiɗa shi a miƙe a kan buɗaɗɗen wuri a sa ran ya ɗauki nauyi. Webb ya sa ƙaramar baka mai ɗan lanƙwasa a kan tagar kanta, sannan a samanta ya gina wata baka mai tsini, ya cike tsakaninsu da bulo. Ta saman ita ke karɓar nauyin bango ta karkatar da shi zuwa gefe biyu, ta ƙasan kuwa abin da ke tsakani kawai take riƙewa. A gidan yayi ma akan yi irin wannan dabara, sai dai a binne ta a filasta. A nan ita ce adon bangon gaba ɗaya. Tagogin kansu na katako ne masu farin fenti, irin waɗanda ake turawa sama da ƙasa, salon da ya yaɗu a ƙarni na 18. Mai bin tsantsar salon Gotik, wato salon baka mai tsini, ba zai yarda da su ba. Webb ya ɗauke su ne domin sun fi shigar da haske da iska, ya ajiye su a ƙarƙashin baka irin ta ƙarni na 13 ba tare da jin nauyin kowa ba.

3.3 Rufi da Rijiya da Lambu

Rufin gidan mai gangara ne sosai, an lulluɓe shi da fale-falen gasasshen jan yumɓu, wato ƙasa ɗaya ce ta yi bango ta yi rufi. Gangarar tana da dalili: ƙananan fale-falen yumɓu suna bukatar ruwa ya sauka da sauri kafin iska ta tura shi ƙarƙashinsu, kuma Ingila ƙasar yayyafi ce. Dogayen bututun hayaƙi na bulo sun huda rufin a wuraren da murhu yake a ƙasa. Tsayin rufin ya bambanta daga sashe zuwa sashe, har mai kallo ya zaci gidan ya daɗe ana ƙara masa ɗakuna, alhali a lokaci guda aka gina shi.

A tsakar gida akwai rijiya mai bakin bulo, an ɗora mata rufi mai tsini a kan ginshiƙan katako. Ita ce ke ɗaure rassan biyu a idon mai kallo, ita ce kuma hoton da aka fi sanin gidan da shi. An sa harsashin gidan ta yadda ba za a sare itatuwan gonar da yawa ba, kuma a jikin zanensa Webb ya rubuta sunayen tsirrai masu yaɗo da za a dasa a gindin bango. An yanka lambun ƙananan fegi-fegi da shingen saƙaƙƙen itace, kowane fegi da furanninsa.

3.4 Cikin Gida

Bulon ya biyo mutum har ciki. Murhun zaure da na falo da na ɗakin cin abinci duk na jan bulo ne a fili, a zamanin da ake rufe murhu da marmara. Bakunan lungu ma haka aka bar su. Matakalar ta itacen ok ce, ba a ɓoye ƙasanta ba, ana ganin yadda kafinta ya haɗa kowace gaɓa, ginshiƙanta kuma sun ƙare da dogon tsini.

Da Morris ya nemi kayan ɗakin da za su dace da irin wannan gini a kasuwa, bai samu abin da ya gamsar da shi ba. Sai shi da abokansa suka yi da hannunsu. Webb ya zana tebura da kabad da kofunan gilashi. Edward Burne-Jones ya yi zane a bangon falo. Dante Gabriel Rossetti ya yi a ƙofofin wata babbar kujera mai kabad. Jane Morris da 'yar uwarta suka yi surfanin labulen bango. A silin, an huda ƙananan ramuka a jikin ɗanyar filasta don su zama jagora ga mai shafa launi. Daga wannan aikin gayya ne aka kafa kamfanin Morris, Marshall, Faulkner & Co. a 1861. Takardar adon bango ta farko da Morris ya zana, mai suna Trellis, daga shingen furannin wannan lambu ta fito a 1862, kuma Webb ne ya zana tsuntsayen da ke jikinta.

4.0 Nakasun Gidan

Adalcin nazari ya wajabta a faɗi inda gidan ya gaza. Na farko, manyan ɗakunansa arewa suke fuskanta. A ƙasar da rana ke bi ta kudu, ga dogon hunturu, wannan na nufin ɗakunan da iyali suka fi zama su ne suka fi sanyi da duhu, lungunan wucewa kuma su ke shan hantsi. Madafa tana fuskantar yamma, tana ɗaukar zafin rana daidai lokacin da ake girkin dare. Mai zanen da ya faro daga bukatar ɗaki ya auna haske, bai auna ɗumi yadda ya kamata ba.

Na biyu shi ne nisa. Tashar jirgin ƙasa mafi kusa ita ce Abbey Wood, kimanin mil 3 daga gidan, ofishin kamfani kuma yana Red Lion Square a Landan, don haka sa'o'i da dama na kowace rana a hanya suke ƙarewa. A 1864 Webb ya zana ƙarin reshe domin iyalin Burne-Jones su dawo, a maido da aikin kamfanin nan. Rashin lafiya da rasuwar jaririn Burne-Jones suka rushe shirin, Morris kansa ya kwanta da zazzaɓin gaɓoɓi.

Na uku shi ne kuɗi. Dukiyar Morris gado ce daga hannun jarin mahaifinsa a mahaƙar tagulla ta Devon Great Consols, kuma ribar ta fara ja da baya. Gidan da aka gina don ɗaukaka aikin hannu, da gumin masu haƙar ma'adinai aka biya shi, kuma magininsa ba zai iya mallakar irinsa ba. Wannan saɓani ya dami Morris a sauran rayuwarsa, yana cikin abin da ya kai shi ga ra'ayin gurguzu a shekarun 1880. A 1865 ya kwashe iyalinsa, har da 'ya'yansa mata biyu da aka haifa a gidan, Jenny da May, suka koma Queen Square a Landan. Bai sake taka gidan ba har ya rasu a 1896.

5.0 Tasirinsa da Yadda Aka Adana Shi

Shekara 5 kacal Morris ya yi a gidan, amma abin da aka gwada a cikinsa ya bazu. Kafin ƙarshen shekarun 1870 jan bulo ya zama abin alfahari a sababbin unguwanni irin su Bedford Park. Masu harkar farfaɗo da sana'o'in hannu, wadda aka sani da Arts and Crafts, sun ɗauki gidan a matsayin mafarinsu. Hermann Muthesius, wanda ya yi aiki a ofishin jakadancin Jamus a Landan, ya gabatar da shi ga Jamusawa a littafinsa Das englische Haus na 1904 zuwa 1905. A 1936 Nikolaus Pevsner ya ja zare daga Morris har zuwa Walter Gropius da ginin zamani. Ra'ayin wannan takarda shi ne a yi hattara da wannan zare. Webb da Morris baya suke kallo, zuwa ƙarni na 13 da gidajen manoman Kent, kuma inji ba abokinsu ba ne. Abin da na baya suka gada daga gare su hanyar tunani ce: a faro daga amfani, a bar kayan gini su bayyana.

Gidan ya ci gaba da zama na masu zaman kansu. Charles Holme, wanda ya kafa mujallar The Studio, ya zauna a ciki. An sa shi a sahun farko na gine-ginen da doka ta kare a 1950. Daga 1952 mai zanen gine-gine Edward Hollamby da matarsa Doris suka riƙe shi kusan rabin ƙarni suna gyara abin da ya lalace. Hukumar National Trust ta karɓe shi a 2003, ta buɗe shi ga jama'a. A 2013 masu gyara suka tono wani zanen bango na mutum biyar daga littafin Farawa na Baibul a ɗakin kwanan Morris, wanda kabad da takardar bango suka daɗe da rufewa. Gonakin da suka kewaye gidan kuwa tuni gari ya cinye su, yanzu yana tsakiyar unguwa ne a ƙaramar hukumar Bexley ta Landan.

Akwai dangantaka tsakanin yadda aka gina gidan da yadda ake kula da shi. A 1877 Morris da Webb suka kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine da aka fi sani da SPAB, don yaƙi da ɗabi'ar kankare tsohon gini a mai da shi sabo da sunan gyara. Koyarwarta ita ce kulawa ta yau da kullum, da gyara da irin kayan da aka yi ginin da su. Dalilin a aikace yake. Tsofaffin gidajen bulo da kwaɓin farar ƙasa da yashi aka ɗaure su, wanda ya fi bulo taushi, yana barin danshi ya fita ta gaɓoɓi. In aka cike gaɓoɓin da siminti, ruwa ya rasa mafita sai ta jikin bulo, sanyin hunturu ya daskarar da shi, fuskar bulon ta ɓare. Ko inda babu ƙanƙara hukuncin bai canza ba: siminti a kan bangon tubali yana tsare danshin damina a ciki, ƙasa ta ruɓe a ɓoye, wata rana shafen ya zubo da rabin bangon.

6.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa barin bulo a fili a Red House ya ɗora wa kowa nauyi. Mai zane ya yi lissafi da ma'aunin bulo, magini ya yi aikin da za a gani, mai gida ya nemi kayan ɗakin da ba za su kunyata bangon ba. Ya kuma nuna cewa gaskiyar kayan gini ba ta wadatar ita kaɗai, domin gidan da bai lura da inda rana ke bi ba, da nisan wurin aiki, da ƙarfin aljihu, ya kori mai shi cikin shekara 5. Duk da haka bangon yana tsaye fiye da shekara 160, kuma duk inda ya fara ciwo ido yana gani a gyara da wuri.

Kira ga malamai da ɗaliban zanen gine-gine shi ne su koyar, su kuma koyi karanta bango kafin su koyi yi masa ado. Kira ga masu riƙe da tsofaffin gine-gine, na bulo ne ko na tubali, shi ne su nemi maginin da ya san kayan da aka yi ginin da su, su gyara yoyon rufi da indararo kafin damina, su kuma nisanta siminti daga bangon da ba da shi aka gina shi ba.